Ƙyallen Inna a Bakin Buhu

Safiya ce ta jawo wannan babi. Da ta zo hutu bara, ta buga sunana a kwamfutarta don ta nuna wa ƙawayenta cewa uwarta ma ta taɓa yin bincike, sai na'urar ta ba ta kunya. Ta nuna mata takardata a kan bin sawun hatsi daga gona zuwa kasuwa, ta kuma nuna mata yawan masanan da suka ambaci takardar a rubuce-rubucensu. Ko yatsun hannu ɗaya ba su cika ba, kuma ɗaya daga cikinsu ni ce da kaina. Safiya tana da tarbiyya, amma na ga yadda ta rufe kwamfutar a hankali kamar mai jan ƙofar ɗakin mara lafiya. Na san ku ma sauran kun sha tambayar kanku abin da ya sa waɗanda muka fara aiki tare suka zama farfesoshi, ni kuwa na yi ritaya ina babbar malama. Babanku ya san dalili, amma shi ba mai magana ba ne. Ni kuwa kun san ba a bar ni a baya ba wajen magana, don haka ku gyara zama.

Sai na fara da yadda ake auna mu, don kada ku ɗauka wani ne ya cuce ni. A jami'a malami ba ya hawa sama don ɗalibansa suna son sa. Yana hawa ne da rubutu, shi kuma rubutu ana auna shi da abu biyu: girman mujallar da ta buga shi, da yawan masanan da suka dogara da shi suka ambaci sunanka a nasu aikin. Akwai na'urar da ke ƙirga wannan ambato, kuma kwamitin ƙarin girma ya fi yarda da ita fiye da rantsuwarka. Ban taɓa cewa tsarin banza ne ba. Ya tona asirin malalata da yawa, kuma ni kaina na zauna a kwamiti na auna wasu da shi. Abin da na sani kawai shi ne, tiyar awo ba ta auna ruwan kogi, ba kuma laifinta ba ne.

Shekarar da nake son ba ku labari ita ce wadda ta biyo bayan gubar dalma. Manyanku za su tuna. Mutanen ƙauyukan Anka da Bukkuyum sun samu zinare a ƙasarsu, suna kwaso duwatsun su kawo gida su daka su niƙa, ashe a cikin dutsen akwai dalma, kuma ƙananan yara ta fi kamawa. An yi asarar 'ya'ya da yawa, Allah ya jiƙan su. Likitoci sun zo, an kankare ƙasar gidaje, rediyo ya yi ta ambaton sunayen garuruwa, har ya zama duk wanda ya ji an ce Yargalma dalma yake fara tunawa. Ni kimiyyar abinci nake koyarwa, tambayata kuwa ƙarama ce: shin gubar tana bin gero da dawa daga waɗancan ƙauyuka ta shigo kasuwa? In tana bi, a ina take hawa? Ba don ilimi kaɗai na damu ba. A kasuwar Gummi mahaifiyata Inna take sayen hatsin da kuke ci duk lokacin da na kai ku hutu. Sannan, gaskiya ɗaya ce, na san saura mini takarda guda mai nauyi in cika sharaɗin hawa kujerar da nake nema, kuma na ga alamar wannan ce.

Na fara aikin da wayon boko. Na sa aka buga mini 'yan robobi masu lamba, na ce za a ɗaura wa kowane buhu ɗaya tun daga bakin rumbu, ni kuma in bi lambar har kasuwa. Na zaɓi wani ƙauye a ƙasar Bukkuyum wanda sunansa bai shiga rediyo ba, na yi bayani a ƙofar gidan mai gari, kowa ya ce madalla. Da na koma bayan kasuwa biyu, ko buhu ɗaya ban samu da lamba ba. Mutane sun ga lamba, sun ga motar gwamnati, sun gama lissafinsu: ƙidayar rumbu ake yi, bayanta kuwa ko haraji ko ƙwace. Wani dattijo ya tattara nasa robobin ya wanke su tas, ya ƙulla a leda ya miƙo mini da ladabi, ya ce ya ajiye mini ne kada yara su ɓatar. Na karɓa na yi godiya, na juyo Gummi raina a ɓace.

Kun san gidan Inna, wanda ke gangaren da ake bi a je fadama. A lokacin tana da ƙarfinta, tana turara shinkafa a rabin duro, kuma ba tata kaɗai ba. Matan unguwa da na ƙauyukan bakin gulbi sukan aiko mata da tasu, ta jiƙa, ta turara, ta shanya, a kai inji a dawo, kowa ta karɓi abinta. Inna ba ta san bihim a boko ba, amma ban taɓa jin an zo gidanmu ana cewa an musanya shinkafar wata ba. Kun kuma san ni ce 'yar farinta, saboda haka tun da ta haife ni ba ta taɓa kiran sunana ba. Ina ƙarama "ke wagga" take ce mini, da na samu aiki ta koma "Malama", tana jan kalmar yadda za ka san ba duka girmamawa ba ce. Ranar na zube ledar robobin a kan tabarma ina ta faɗa a kan jahilcin mutane. Ta bar ni na gama, sannan ta ɗauki ɗaya ta jujjuya.

"Malama, wanga abu na wa na?"

"Na buhu na, Inna. Kowane buhu da lamba tai."

"Ba shi na tambaye ki ba. Cewa niy yi na wa na. In nig ga abin ga bisa buhuna, na san ba nawa na ba, kuma ban san mai shi ba. Mi za ya hana ni tsinke shi?"

Ta tashi ta ja ni wurin shanya. A bakin kowane buhu da kowace roba akwai ɗan ƙyalle a ɗaure, wani mai ruwan goro, wani shuɗi mai zanen ganye, wani ya koɗe har ba a gane launinsa. Na girma ina ganin su, ban taɓa tambaya ba. Duk macen da za ta aiko da shinkafa sai ta yagi bakin tsohon zanenta ta ɗaura. Idan an jiƙa, Inna ta yi wa ƙyallen ƙulli ɗaya. Idan an turara, ta ƙara na biyu. Idan ya dawo daga inji, na uku. Da ido kawai take sanin ta wace ce da kuma inda aikin ya kai.

"Mace ba ta ɓatan zanenta," in ji ta. "Kuma namiji ba shi tsinke zanen matatai daga bakin buhu, don ya san za a tambaye shi."

Shekarun da na yi ina karatu a kan yadda ake bin sawun abinci, ga shi ana yi a tsakar gidan da aka yanke mini cibiya.

Da na koma ƙauyen ban je da mota mai hatimi ba, kuma ban tsaya a ƙofar gida ba. Na shiga wurin mata, abin da abokan aikina maza ba za su iya ba, na zauna ana surfe ana hira, na gaya musu abin da nake nema. Kafin la'asar an yaga mini bakin zannuwa sun fi ƙarfin jakata. Amma mai gari ya aiko a kira ni. Tsoho ne dogo mai sanyin murya, ya rasa jikoki biyu a waccan shekara. Bai yi dogon zance ba.

"Malama, mun yarda ki bi hatsinmu duk inda kika so. Abu guda muka roƙo. Kin ga garuruwan da anka hwaɗi sunansu ga rediyo. Mu da gero muka ci, da gero muka suturta ɗiyanmu. In anka ce geron garin ga na da guba, ko an wanke shi da ruwan Zamzam ba mai saye. Kak ki hwaɗi sunanmu."

"Ranka shi daɗe, na yi alkawari."

Na faɗe shi da sauƙi, kamar yadda ake cewa sai an jima. Ban san me na ɗauka ba.

Damina da kaka guda na yi ina bin ƙyallaye. Nakan ɗebi 'yar tsaba a gona, in ɗebi a rumbu, in ɗebi wurin sussuka, in ɗebi bayan an zuba a buhu, in ɗebi gari a bakin inji, sannan in je kasuwa in nemo ƙyallen zanen matan ƙauyen, na Hajo ko na Tumba, a cikin ɗaruruwan buhuna in sake ɗiba. Duk inda buhu ya tsaya a ƙara masa ƙulli. Ɗakin gwaji ya ba ni amsar da ta faranta mini rai ta kuma tsorata ni. Geron da ke gona da na rumbu lafiyarsa lau. Gubar tana hawa ne a wuri biyu: a tsofaffin buhunan da aka taɓa ɗauko dutsen zinare da su aka karkaɗe aka zuba hatsi, da kuma a injin da ke niƙa dutse da safe ya niƙa dawa da yamma. Na koma na faɗa wa mai gari da matan. Suka ware inji guda na hatsi kaɗai, suka hana zuba hatsi a buhun dutse, kuma matan da kansu suka ƙara wata dabara: duk buhun da ya bi ta tsabtataccen inji, sai a ɗinka farin zare a jikin ƙyallensa. Wannan ba ni na koya musu ba.

Na rubuta takardata na aika wa wata babbar mujalla ta ƙasar waje, irin wadda in ta buga aikinka ko ba ka so sai an ambace ka. Amsa ta zo da yabo wanda ban taɓa samun irinsa ba. Editan ya ce za su buga, da sharaɗi ɗaya: in saka sunan ƙauyen, da taswirar inda injinan suke, da kasuwannin da buhunan suka shiga. Ya ce binciken bin sawu wanda ba a faɗi inda sawun ya bi ba, babu mai iya tabbatar da shi, babu kuma mai iya ɗorawa a kansa. Ku sani, mutumin nan gaskiya ya faɗa. Da ɗalibina ne ya kawo mini aiki haka, abin da zan ce masa ke nan. Na rubuta na roƙa a bar ni in sa wa garin laƙabi. Ya ce a wani irin bincike ana yarda, amma a wannan, sunan wurin shi ne ƙashin bayan aikin.

Mako uku wasiƙar tana cikin jakata. Na yi wa kaina huɗuba iri-iri. Na ce ai wa zai karanta mujallar Turanci a kasuwar Gummi? Na ce ai takardar wanke geronsu ta yi, ba ɓata shi ba. Amma na san yadda magana ke tafiya. Ɗan jarida zai ɗauko daga mujalla, rediyo ya ɗauko daga jarida, kuma kafin ta iso bakin dillali duk bayanin inji da buhu ya zube a hanya, saura kalma biyu: sunan gari da guba. Magana zarar bunu ce. Babanku, da na dame shi, cewa ya yi:

"Hajiya, ni ban san mujalla ba. Amma na san ke. In kinka hau kujerar ga da sunan mutanen nan, ba ki jin daɗin zama bisanta."

Duk da haka sai da na koma wurin mai gari, da nufin in lallashe shi ya sauke mini alkawarin. Na yi masa bayanin ambato da kwamiti da kujera, ina ji a jikina yadda zancen ke ƙanƙancewa tun kafin ya fita bakina. Ya saurara har ƙarshe.

"Malama, alƙalami na hannunki, ba ni da ikon riƙe shi. Kin yi muna alheri, in kinka hwaɗi ba mu zagin ki. Ni dai ba ni cewa ki hwaɗi."

Da ya yi mini faɗa da na samu abin riƙewa. A hanyar dawowa motar da na shiga cike take da buhunan garin za a kai kasuwa, kowanne da ƙyallensa yana kaɗawa, kuma kusan duka na san masu zannuwan, na san 'ya'yansu, na ci tuwo a ɗakunansu. Kafin mu iso Gummi na gama yanke shawara. Na janye takardar na ba wata 'yar mujalla ta gida wadda na'urar ƙirga ba ta cika lura da ita ba. Suka buga ta babu suna, babu taswira. Har a wannan littafi ba za ku ga sunan garin ba, kada ma ku tambaye ni.

Kwamiti ya zauna, kuma ya yi aikinsa. Shugaban mutumin kirki ne, shi ya kira ni da kansa don kada in gani a takarda.

"Malama, kowa ya san kin sha wahala a aikin nan. Amma masu dubawa na waje sun ce ba su ga tasirinsa ba. Ba wanda ya ambace shi. Ki ƙara wani ki dawo."

Ban samu ƙara wani mai nauyinsa ba. Hanyoyin ƙauyuka suka lalace da rashin tsaro, ƙarfina ya ragu, shekarun ritaya suka cim mini. Ba zan yi muku ƙarya in ce ban ji zafi ba. Na ji, ƙwarai. Na halarci walimar ƙarin girman waɗanda na koya wa rubuta takarda, na yi murmushi, na dawo gida na kasa cin abinci. Akwai watannin da kuka ga ina faɗa a kan abin da bai kai ya kawo ba, kuna cewa Mama ta canza. Wannan ne, ku yafe mini.

A cikin wannan hali na je Gummi na zauna gaban Inna ina ƙorafi. Na ce na yi aikin da ya fi na kowa, amma babu wanda ya ambaci sunana. Tana tsince tsakuwa a faifai, ba ta ɗago ba.

"Malama, tun da nih haihe ki kin taɓa jin sunanki ga bakina?"

"A'a, Inna."

"To kin ɓace?"

Na yi dariya ba don ina so ba. Ta ci gaba da tsintarta, can ta sake cewa:

"Wagga takarda da kika ta kuka bisanta, kin sa zancen ƙyalle ciki?"

"Na sa, Inna. Shi na ma gindin aikin."

"Kin ce wa yak koya maki?"

Abin da na rubuta a takardar shi ne "wata hanyar gargajiya ta matan yankin". Na ambaci Turawa da Indiyawa fiye da talatin waɗanda ban taɓa gani ba, kowanne da sunansa da shekararsa, amma matar da ta ɗora mini aikin a hannu ban ga ta isa a sa ta a jeri ba. Ba ta yi fushi ba. Ta miƙo mini faifan ta ce in ƙarasa, idona ya fi nata.

Shekaru bayan rasuwarta na shiga kasuwar Gummi sayen gero. A rumfar wata mai awo na ga buhuna da ƙyallaye, wasu da farin zare a ɗinke. Na yi kamar ban sani ba na tambaye ta. Ta dube ni irin kallon da ake yi wa 'yan birni, ta ce farin zare shaida ce hatsin bai bi ta injin dutse ba, kuma masu 'ya'ya ƙanana shi suke nema. Na ce wa ya kawo wannan? Ta ce haka suka tarar ana yi. Ban san iyakar inda abin ya kai ba, ban san yara nawa ya tsare ba, ko ma ya tsare. Ba ni da na'urar da za ta ƙirga mini, kuma ba zan ƙirƙiro muku lamba don in wanke kaina ba. Na dai sayi tiya biyar na mai farin zare, na biya ba tare da na nemi ragi ba, abin da kun san ba halina ba ne.

To Safiya, wannan shi ne abin da kwamfutarki ba ta nuna miki ba. Sunan garin na riƙe shi da gangan, kuma da za a mayar da ni waccan shekara haka zan sake yi. Amma suna na biyu, na Inna, ba alkawari ne ya hana ni faɗarsa ba, girman kai ne na 'yar boko, kuma shi nake son in gyara tun ina da rai. A cikin akwatina na ƙarfe za ku ga wani ƙyalle shuɗi mai ƙulli uku, daga bakin zanenta na yage shi ranar da aka raba kayanta, na ƙulla shi da hannuna. 'Ya ba ta kiran sunan uwarta, ban kuwa taɓa kira ba, amma rubutu ba kira ba ne. Sunanta Hassatu, ɗiyar Malam Garba mai fito, mai turara shinkafa a Gummi. Duk ranar da ɗayanku zai yi maganar wannan aiki, ita zai ambata.